Kafaɗa jarin talaka ce: a yi allura, a biya wanda ta ji wa rauni

 Yau za mu yi magana a kan allurar rigakafi da kafaɗar da ake soka ta. Magana ce da mutane ke yi a zaure da bakin rijiya, amma ba a cika kai ta gaban hukuma ba. Mun ga ya dace a rubuta ta.

A unguwarmu ta Banifandu, cikin birnin Yamai, muna da maƙwabciya mai sana'ar fura. Da turmi da taɓarya take ciyar da gidanta tun rasuwar mijinta. Ɗanta na fari, wanda ke ci-rani, ya biya mata kujerar Makka. Kafin tafiya aka ce ta je a yi mata allurai, har da ta mura. Ta tarar da dogon layi. Da aka zo kanta, kunya ta hana ta naɗe hannun riga gaban maza. Sai ta ja wuyan rigar ƙasa kaɗan, ta buɗe can saman kafaɗa. Tana zaune, mai allura yana tsaye. Ya soka, ta yi godiya, ta koma gida.

Tun daren nan kafaɗar dama ta kama zogi. Aka ce mata: "Hajiya, ki yi haƙuri, haka allura take, gobe zai wuce." Gobe ta zo, jibi ta wuce, ciwo yana nan. Ba ta iya ɗaura kallabi. Ba ta iya ɗaga hannu sosai wajen kabbara. Da dare ba ta kwanciya ta wannan ɓarin. Ta yi aikin hajji da hannu guda, ta dawo, ta shekara kusan rabi ba ta taɓa taɓarya ba. Kullum sai ta biya mai daka. Ta biya kuɗin hoton ƙashi, da na magani, da na mota. Ribar fura ta ƙare a nan. Ba wanda ya tambaye ta nawa ta kashe.

Ga ra'ayinmu a taƙaice. Allurar rigakafi alheri ce, kada kowa ya guje ta. Amma wanda ya miƙa hannunsa don kare kansa da kare gari, in allura ta ji masa rauni, bai kamata a bar shi ya ɗauki asara shi kaɗai ba. Haƙƙi ne a yi masa magani, a kuma biya shi diyya.

Me ke faruwa cikin kafaɗa?

Ku ɗora hannu bisa kafaɗarku. Za ku ji wani ƙashi mai tudu a can sama. A ƙarƙashinsa akwai gaɓa, da jijiyoyi, da wata 'yar jaka mai ruwa wadda ke hana ƙashi gogar tsoka. Ƙasa da nan kuma akwai tsoka mai kauri, ta saman damtse. Wannan tsoka ita ce gidan allura. Ana auna yatsa biyu ko uku daga ƙashin nan zuwa ƙasa, sannan a soka a tsakiyar tsoka.

In mai allura ya soka sama da yawa, bakin allura sai ya wuce tsoka ya shiga 'yar jakar nan ko gaɓa. Maganin da aka zuba sai ya tada kumburi a wurin da ba nasa ba. Daga nan ciwo ke farawa. Mutum marar jiki ya fi shiga wannan haɗari, don tsokarsa ba ta da kauri.

Ku lura da kyau: maganin lafiyarsa lau. Wurin sukar ne aka kuskure. Shi ya sa ana iya kauce wa wannan rauni in an kula.

Akwai kuma bambanci tsakanin tsamin allura da raunin allura. Tsami na kowa ne. Hannu ya yi nauyi kwana ɗaya, ko biyu, ko uku, ya saki. Rauni kuwa yana farawa cikin kwana biyu na farko, ya ƙi tafiya. Yana kai makonni ko watanni. Hannu ba ya ɗaguwa, ba ya zagayawa baya. Cikin dubban dubatan da ake yi wa allura, ƙalilan ne ke gamuwa da shi. Amma ga wanda abin ya faɗa wa, ƙarancin ba ya rage masa zafi.

Allurar mura ba ta yaɗu a ƙasarmu kamar yadda ta yaɗu a Turai da Amurka ba. Alhazai ne suka fi saninta. Amma wannan damtsen ne ake soka wa mata masu ciki allurar sarƙe-haƙora. Shi aka soka a babban gangamin sanƙarau da aka soma a 2010. Shi aka soka lokacin korona a 2021. Saboda haka maganar ta shafi kowane gida.

Mu a nan mun daɗe da sanin cewa allura a wurin da bai dace ba tana nakasa mutum. Cikin shekarun 1990, likitocin da suka yi aiki a Yamai sun yi rubutu a kan yaran da ƙafarsu ta shanye bayan an yi musu allurar kinin a ɗuwawu, saboda allurar ta taɓa babbar jijiyar ƙafa. Da yawa cikinmu mun san irin waɗannan yara. Yau sun zama manya, suna jan ƙafa.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Ƙasar Jamus ce ta fara kafa tsarin biyan wanda allurar rigakafi ta cutar, a 1961. Ingila ta yi dokarta a 1979. Faransa ta kafa wata hukuma a 2002, mai suna ONIAM, wadda ke biyan waɗanda suka samu rauni daga allurar da doka ta wajabta.

A Amurka an yi doka a 1986, aiki ya fara a 1988. Ga yadda abin yake. Kowace allura da ke cikin tsarin, in aka sayar da ita, ana cire ɗan haraji: kashi uku cikin huɗu na dalar Amurka ɗaya a kan kowace cuta da allurar ke karewa. Dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta sefa 5 ba. A kuɗinmu harajin ya ɗan haura sefa 400. Ana tara shi cikin asusu guda. Wanda ya samu rauni sai ya kai kukansa, a duba, a biya shi daga asusun. Ba sai ya yi ƙarar mai allura ba. Ba sai ya nuna laifin kowa ba.

An shigar da allurar mura cikin tsarin a 2005. A 2017 aka rubuta raunin kafaɗa cikin jerin raunukan da aka yarda da su. Sharuɗɗan a fili suke. Ciwon ya fara cikin awa 48 bayan allura. Ya kasance a kafaɗar da aka soka. Mutum ba ya da ciwon kafaɗar tun da. Ciwon ya wuce wata 6. A kai kuka kafin shekara 3 ta cika. In an tabbatar, ana biyan kuɗin magani, da kuɗin aikin da mutum ya rasa, da na wahalar da ya sha. Cikin 'yan shekarun da suka biyo bayan 2017, fiye da rabin koke-koken da aka kai na raunin kafaɗa ne, akasarinsu daga allurar mura.

Tsarin nasu yana da nasa aibu. Doka ta ƙayyade masu yanke hukunci ga mutum 8 kacal. Koke-koke suka yi yawa, mutane suka riƙa jira shekaru. Wannan ma darasi ne gare mu: diyyar da ta yi jinkiri ta rage albarka.

Wani bincike da aka buga a 2020 ya ƙidaya ƙasashe 25 masu irin wannan tsari a duniya. Babu ta Afirka ko ɗaya a cikinsu.

Darasin Kano

Abin da ya faru a Kano ya isa ya nuna mana tsadar rashin tsari. A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa arewacin Najeriya. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Magani ne na warkarwa, ba allurar rigakafi ba. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin. An ba rabinsu sabon maganin, aka ba rabi wani wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu. Wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar.

Aka shiga shari'a a Najeriya da Amurka. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko sun karɓi dalar Amurka 175,000 kowannensu a 2011. Ku ƙirga: shekara 15 ke nan.

Cikin waɗannan shekaru na jira, zargi ya yi saiwa. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano, har zuwa tsakiyar 2004. Labarin Trovan yana cikin dalilan da mutane suka riƙa kawowa. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, ta kuma ƙara ƙarfi a Nijar. Yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka shanye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka ƙyale mai rauni yana kuka ba mai saurare, masu jita-jita ne za su saurare shi.

An taɓa buɗe mana ƙofa

Lokacin korona an yi wani abu sabo. A watan Fabrairu na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin diyya ga ƙasashe 92 marasa ƙarfi da ke karɓar allura ta shirin COVAX. Nijar tana cikinsu. An ɗora ɗan ƙaramin haraji a kan kowace allura don cika asusun. Wanda allurar ta nakasa, ko iyalin wanda ya rasu, suna iya neman diyya ba tare da zuwa kotu ba. Shirin COVAX ya rufe a ƙarshen 2023.

Ku tambayi kanku: a zaurenku, wa ya taɓa jin wannan labari? An shirya cike takardun ta intanet. Manomin da ke koyon baƙi da wasali yanzu, ina shi ina intanet? Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba kamar rijiya ce a gonar da ba ta da hanya. Duk da haka, tsarin ya nuna cewa biyan diyya ga talakan Afirka abu ne mai yiwuwa.

Diyya ba baƙuwa ba ce gare mu

Wasu za su ce wannan al'adar Turawa ce. Ba haka ba ne. Ku dubi gona. In shanu suka shiga gero suka yi ɓarna, me ake yi? Ana zuwa gaban mai gari. A tura mutane su auna ɓarnar. Makiyayi ya biya, a yi musafaha. Ba wanda ke cewa a daina kiwo. Ba wanda ke cewa manomi ya haƙura kawai. Dokar karkara ta 1993 ma ta bar wa sarakuna wannan aiki na sasantawa.

A shari'ar Musulunci kuma, raunin da aka yi bisa kuskure yana da diyya. In ta yi nauyi, dangin mai kuskuren ke haɗuwa su biya, don kada ta karya mutum guda. Asusun diyyar allura ma haka yake. Jama'a duka sun amfana da rigakafi, jama'a duka su ɗauki nauyin wanda ya ji ciwo.

Tara kuɗi kaɗan-kaɗan ma mun iya shi. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara sun fara a jihar Maraɗi a 1991, da 'yan kuɗin da mata ke zubawa kowane mako. Yau an san su har wajen ƙasarmu. Muna da rumbun tsimi a garuruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun daɗe da sanin haka.

Ma'aikacin kamfani da ya ji rauni a bakin aiki yana da asusun CNSS. Mai noma da hauya fa? Mai ban-ruwa a garakan bakin kogi? Mai shinkafa a Saga? Ɗan ga-ruwa, da magini, da mai daka? Kafaɗarsu ce jarinsu. In ta tsaya a watan shuka, damina ba ta jiran kowa. Rumbu ne zai nuna a kaka.

Masu cewa a'a

Mun ji masu cewa wannan magana za ta tsorata mutane su ƙi allura. Mun auna wannan sosai kafin mu rubuta. Amma mutane suna da ido. Sun ga maƙwabciyarmu ba ta iya ɗaga hannu. Shiru ba ya ɓoye ta. Abin da ke kwantar da hankali shi ne a ce: e, yakan faru jefi-jefi, ga dalilinsa, ga maganinsa, ga kuma wanda zai biya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wasu sun ce ƙasa ba ta da kuɗi. Gaskiya ne aljihun gwamnati ba shi da zurfi. Amma masu irin wannan rauni kaɗan ne. Ƙasar da ta yanke a 2006 cewa za a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, ta kuma rage kuɗin asibitocin gwamnati a 2024, tana iya ɗaukar nauyin 'yan kafaɗun nan. Kuma gangamin allura guda da mutane suka ƙaurace wa ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba.

Wasu sun ce ƙaddara ce, sai haƙuri. Mun yarda da ƙaddara. Ɓarnar shanu ma ƙaddara ce, amma ana biya.

Wasu suna tsoron a tozarta malaman asibiti. Mu ma ba ma son haka. Mun ga yadda suke aiki cikin rana da ƙura, mutum ɗaya ga ɗaruruwan hannuwa. Tsarin da muke nema shi ne ma zai kare su. In asusu ne ke biya, malami ba zai ji tsoron rubuta abin da ya faru ba. In kuwa aljihunsa ake nema, dole ya musanta.

Wasu kuma sun ce maƙaryata za su cika layi. Shi ya sa ake sa sharuɗɗa: katin allura, da ranar da ciwo ya fara, da shaidar likita.

Abin da muke roƙon hukuma

Na ɗaya, a riƙa sabunta wa masu allura horo a kan wurin suka, musamman waɗanda ake ɗauka don gangami.

Na biyu, a keɓe wa mata wuri mai labule, da mace mai allura in da hali.

Na uku, duk wanda likita ya tabbatar allurar rigakafi ce ta ji masa rauni, a yi masa magani da motsa gaɓa kyauta.

Na huɗu, a kafa asusun diyya. A buɗe ƙofarsa a gidan likita na unguwa da na ƙauye. A karɓi kuka da baki, da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci. A sa wa'adin amsa na watanni, ba na shekaru ba. A kuma yi shelarsa a rediyo.

Abin da ke hannunmu

Kafin hukuma ta motsa, akwai namu aikin.

Ranar allura, ku sa riga mai faɗin hannu. Ku naɗe hannun rigar har kafaɗa ta fito duka. Kada ku ja wuyan riga ƙasa.

Ku zauna, ku saki hannu. Ya fi kyau mai allura ma ya zauna, ya daidaita da ku. In kun ga ya nufi can sama kusa da ƙashi, ku ce masa cikin ladabi: "Malam, don Allah ɗan sauko ƙasa." Wannan ba raini ba ne.

Ku miƙa hannun da ba ku cika aiki da shi ba.

Ku tabbata an rubuta a katinku sunan allura, da rana, da lambar kwalba. Ku adana katin kamar takardar gona. Yanzu da kuka iya rubutu, ku rubuta da kanku: hannun dama ko na hagu, da ranar da ciwo ya fara.

Kada ku karɓi allura a kasuwa ko a hannun mai talla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a Nijar a 2015, da 2017, da 2019. Wanda ya yi allura a ɓoye ba shi da kati, ba shi da shaida.

In ciwo ya wuce kwana uku yana ƙaruwa, ko hannu ya ƙi ɗaguwa, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, ku koma gidan likita. Ku roƙi majo ya rubuta abin da kuka faɗa. Ma'aikatan lafiya suna da takarda ta musamman don rubuta matsalar da ta biyo bayan allura. In ba a rubuta ba, a idon hukuma abin bai faru ba.

Kada a yi sakiya, ko tsaga, ko a kai wa mai ɗori ya ja hannun. Ƙashi bai karye ba. Maganin kumburi da motsa gaɓa a hankali, bisa shawarar likita, su ne ke taimako. Yawancin masu wannan rauni suna samun sauƙi, musamman in an fara da wuri.

Maƙwabciyarmu ta koma bakin turminta, ko da yake har yanzu takan huta tsakanin daka. Da gangamin allurar yara ya zo, ita ta goya jikanta ta kai. Muka tambaye ta: "Hajiya, ba ki ji tsoro ba?" Ta ce: "'Ya'yana, na ga abin da ƙyanda ta yi wa gidanmu muna yara. Zan kai shi. Amma ku masu rubutu, ku faɗa musu su riƙa tambayar mu yadda muka kwana."

Ga shi mun faɗa. A Zabarmanci, "baani" da ke farkon sunan unguwarmu lafiya ke nan. Muna fata ta tabbata ga kowace kafaɗa da ke ɗaukar hauya ko tulu. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, ku tattauna a ajin yaƙi da jahilci, ku aiko mana da ra'ayinku. Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka.